Dahiana a Hawan Ƙasa

Bronx, 16 ga Mayu, 2004

Ƙanwata Yudelka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Inna Fefa da duk mutanen layinmu. Yaya ƙafar Inna? Mu nan lafiya lau, sai dai Dahiana ta yi ƙarambau. Shekara goma sha biyar, sai yanzu ya tuna da ita! Kada hankalinki ya tashi, 'yarki ta warke sarai, har ta koma cinye mini soyayyar ayaba tun tana kan wuta.

Jibi Don Eladio zai taso da kayan mutane, shi na ba takardar. Ban so in gaya miki wannan labari ta wayar shagon Chepe ba, inda kowa ke ajiye sayayyarsa ya miƙa kunne.

Kin san shekarata goma sha tara ina zuba abinci a kicin ɗin makarantar da Dahiana take. Yara sun fi dubu biyu, yaro zai yi wata bai zo ba, babu wanda ya lura. To daga Satumba za a raba ta huɗu. Ginin ɗaya ne, amma kowane hawa zai zama ƙaramar makaranta mai shugabanta da malamanta da launin rigarta, kuma kowace da sana'ar da za ta koyar. Ɗaya ta shari'a, ɗaya ta kwamfuta, ɗaya ta asibiti, ɗayar kuma ban ma gane ko ta mece ce ba. Sun ce a haka malamai za su san kowane yaro da sunansa.

Takardar zaɓi ta iso Dahiana tana kwance da zazzaɓi, ko ido ba ta iya buɗewa, ga shi ranar Juma'a za a rufe karɓa. Babanta Wilton yana can kan hanya da babbar motarsa, ba a samunsa. Tunda ni ce a rubuce a matsayin mai riƙonta, sai na ɗauki biro. Turancina na kicin ne, kin sani, amma kalmar asibiti iri ɗaya ce da tamu, ban nemi kowa ya karanta mini ba. Na sa alama, na kai ofis da hannuna.

Da ta farfaɗo na kai mata romo na ce, "Tashi ki sha, Nas Dahiana." Ta ce, "Madrina, da gaske?" Sai ta rungume ni har romon ya zube a kan bargo. Tun ranar da na riƙe ta a coci aka yi mata baftisma ban ji daɗin sunan nan na uwar baftisma irin na ranar ba.

Tana neman albarkarki.

Yayarki,
Nurys

Higüey, 2 ga Yuni, 2004

Yaya Nurys,

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara miki lafiya. Ƙafar Inna tana nan yadda take, in an yi ruwa ta kumbura. Ni ma lafiya, ban da bayan nan da ba ya barina.

A motar ma'aikata na karanta takardarki, muna hanyar otal. Na yi ihu har direba ya taka birki. Miguelina abokiyar aikina ta fizge takardar ta karanta wa duk motar, suka yi ta tafi. Yanzu ba mai kirana da sunana, sai "uwar nas". Miguelina ta ce in Dahiana ta dawo ita za ta fara yi wa allura, don a gani ko bakinta zai huta. Ranar Lahadi na je babban coci na yi godiya.

Yaya, shekara goma sha shida ina gyara gadon da ban kwana a kai ba. Ɗaki goma sha takwas kullum. Ranar da na raka yarinyar nan filin jirgi ban yi kuka a gabanta ba, abu ɗaya na roƙi Allah a raina: kada 'yata ta taɓa sunkuyawa ta ɗauki jiƙaƙƙen tawul ɗin wani daga ƙasa. Kakarki da kakata ciki ɗaya suka fito, amma ko uwa ɗaya ta haife mu ba za ki yi mini fiye da haka ba.

Na ba Don Eladio kofi da alawar madara. Alawar ta Dahiana ce, kada ki ce ciwon sukarinki ya yarda. Ki ce mata na sa mata albarka.

Ƙanwarki,
Yudelka

Bronx, 24 ga Oktoba, 2004

Ƙanwata,

Ina fatan kuna lafiya. Mun ga ɓarnar guguwar Satumba a talabijin, kwana huɗu wayar Chepe ba ta shiga, na rasa inda zan sa kaina. Na gode Allah da na ji muryarki. Ki yi haƙuri da daɗewar takardata, aiki ne ya yi yawa. Yanzu kowane hawa da lokacin cin abincinsa, tun ƙarfe goma muke tsaye har ɗaya da rabi.

An fara sabon tsarin. Dahiana tana zuwa kullum. An ba su farar riga mai maɓallai. Wannan watan ana koya musu gyaran gado da yadda ake tarbar mutum. Ta ɗan yi shiru kwanan nan, ina jin sanyin da ya fara shigowa ne.

Zan rubuto miki da kyau in na samu sarari. Ki gaida Inna.

Nurys

Higüey, 14 ga Nuwamba, 2004

Yaya Nurys,

Muna lafiya, Allah ya tsare. Guguwa ta ɗauke rabin kwanon ɗakin Inna, ruwa ya shiga har gwiwa, amma maƙwabta sun taya mu an mayar. An rufe otal mako uku, yanzu mun koma.

Na yi dariya da maganar gyaran gado. Na tambayi 'yar Miguelina mai aiki a asibiti, ta ce haka ne, nas da gado take farawa, domin akwai yadda ake canza zani maras lafiya yana kwance a kai. Na ce to wannan gadon daban ne. Don Allah ki ɗauko mini hotonta cikin farar rigar kafin Kirsimeti. Na riga na share masa wuri a bango.

Amma akwai abin da ke damuna. In na kira, daga "lafiya lau, Mama" sai "ga Madrina". Yarinyar da a da sai katin waya ya ƙare tana zuba. Na tambaye ta me suka koya, ta ce ba komai. Ki gaya mini gaskiya, Yaya. Ko yanzu da take zama da 'ya'yan da za su zama likitoci ta fara jin kunyar uwa mai wanke banɗakin baƙi? In haka ne ba zan yi fushi ba. Zan rage kira.

Ƙanwarki,
Yudelka

Bronx, 9 ga Janairu, 2005

Yudelka,

Ina fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya. Jikinmu lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, kuma kada ki karanta a mota.

Dahiana ba ta jin kunyarki. Ni ce ya kamata in ji kunya, kuma wata huɗu ke nan ina jin ta.

Ranar da aka koma makaranta a Satumba ina tsaye da ludayi, sai ga ta a layi. Ta miƙo tire, ba ta kalli abincin ba. Ta ce, "Madrina, wane gurbi kika sa wa alama?" Na ce na asibiti mana. Ta ce, "Ba asibiti ba ne. Otal ne." A Turanci kalmar asibiti da kalmar karɓar baƙi iri ɗaya suka fara, haruffa uku ne kawai suka ƙaru a ƙarshen ta biyun. Ban kula da su ba. Makarantar da na sa ta a ciki ta aikin otal da girki ce, a hawan ƙasa. Wadda na ce miki ban gane ba, ita ce ta kiwon lafiya, a hawa na huɗu. Farar rigar ta masu girki ce. Shi ya sa ban aiko hoto ba.

Ko hular kicin ban cire ba na nufi ofis. Matar da ke wurin tana jin harshenmu, ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "Doña Nurys, na ji, amma hawa na huɗu ya cika. Yara ɗari da arba'in ke jira." Na ce kuskurena ne, ba na yarinyar ba. Ta ce, "Sa hannunki ne wannan?" Na ce nawa ne. Ta ce to a wurinsu zaɓin iyali ne. Na koma sau biyar. A na biyar ta ce in bari sai Fabrairu, lokacin da ake duba masu son canji.

Kin tuna Misis Quiñones, malamar kimiyyar da Dahiana take yawan ba ki labarinta? An mayar da ita sama. Ɗakin gwaje-gwajen ma yanzu na 'yan sama ne. An sa mai gadi a bakin matakala, mai farar riga ba ya wuce hawansa. Sau ɗaya Dahiana ta saci jiki ta hau don ta gaishe ta, aka dawo da ita, aka rubuta mata laifi. Kimiyyar da ake koya musu a ƙasa ta yadda ake ajiye nama ce kada ya lalace. Kullum sha biyu da rabi 'yan sama suke saukowa cin abinci da shuɗiyar rigarsu, ƙawayenta biyu suna cikinsu. Ni nake zuba musu.

Ita ta hana ni gaya miki. Ta ce, "Mama ta riga ta faɗa wa duk motar. Ki bari in gyara tukuna." Na biye mata don ni ma tsoro nake ji. Da na karanta mata abin da kika rubuta na jin kunya, ta shiga banɗaki ta kulle, ta daɗe ba ta fito ba.

Ba zan ce wurin ba shi da kyau ba. Akwai yaran da a da ba a ganinsu, yanzu ba sa fashi. Malamai sun san sunanta. Malaminsu ya same ni har kicin ya ce bai taɓa ganin mai hannu irin nata ba, kamar aikin a jininta yake. Na faɗa miki ne don ki san ba a wulaƙanta ta.

Ki yafe mini in za ki iya.

Nurys

Bronx, 6 ga Maris, 2005

Ƙanwata,

Lafiya dai ko? Don Eladio ya rantse a hannunki ya sa takardata. Sau uku na kira shagon Chepe, ana ce mini ba kya nan, alhali ina jin muryar Inna a bayan wayar. Ko zagi ne ki rubuto, zan karɓa. Dahiana tana duba akwatin wasiƙu kullum.

Nurys

Higüey, 3 ga Afrilu, 2005

Nurys,

Muna lafiya. Inna tana gaishe ki, ba ta san komai ba.

A jininta. Wata uku ina juya kalmar nan. Kuskuren biro zan iya haɗiye shi, kowa yana kuskure. Amma ki ɗauki hannunki ki rubuto mini cewa gyaran gado a jinin 'yata yake, kuma wai don in ji sanyi? Dama haka kuke kallonmu, ku da kuka samu tafiya? Kakata ta wanke wa mutane kaya, uwata ta wanke, ni ina wankewa, to ita ma sai ta wanke, an rufe magana?

Abu ɗaya nake so ki amsa mini. Malamai nawa kike zuba wa abinci kullum? Maƙwabta nawa gare ki masu 'ya'yan da aka haifa a can? Babu ko ɗaya da za ki miƙa wa takardar nan ki ce ya karanta miki layi huɗu?

Kin ce Fabrairu. Fabrairu ta wuce, ba ki ce komai a kai ba. In ba za a mayar da ita sama ba, ki sa ta a jirgi ki dawo mini da ita. Otal muna da shi a nan, ba sai an tsallaka teku ba.

Yudelka

Bronx, 29 ga Mayu, 2005

Ƙanwata Yudelka,

Na gode da kika amsa. Ina fatan kuna lafiya. Sukarina ya hau, an canza mini magani, ba wani abu ba.

Maganar jini ba tawa ba ce, ta malamin ce, amma ni na kwaso ta na kawo miki, kuma sai da na karanta takardarki na ji nauyinta. Ni da nake goge tebur shekara ashirin, ina na samu bakin raina ki?

Tambayarki kuwa ga amsarta. Akwai wanda zan tambaya, sun fi hamsin. Ban tambaya ba ne don ban so a makarantar nan a san har yau ba na iya karanta layi huɗu. Iyakar dalilin ke nan. Na nemi wani mai kyau in ba ki, ban samu ba.

Fabrairu ba a ɗauke ta ba. Tun Disamba ta fara fashi, sai ta fita da jaka ta je ta zauna a laburaren unguwa. Da aka duba sunayen masu son canji, aka cire duk mai yawan fashi. Na nemi Misis Quiñones a wurin ajiye motoci. Ta yi ƙoƙari, har wurin shugaban hawanta ta je. Amsar da ta kawo ita ce 'yan sama sun yi kusan shekara guda suna darussan da Dahiana ba ta yi ba. Ko an buɗe mata gurbi sai ta koma baya, kuma babu gurbin. Na tambayi wasu makarantu biyu, suka ce yarinyar da ke da makaranta ba a ba ta wata. Wilton ya ce ai otal ma aiki ne, me ake ta hayaniya.

Na gaya mata kin ce ta dawo. Tana tsinke wake, ba ta ɗago ba. Ta ce, "In koma in ce wa mutanen layi me?" Na ce to mu sake gwadawa baɗi. Ta ce, "Madrina, ya isa. Na gaji da ganinki a ƙofar ofis ɗin nan da hula a kai." Washegari ta koma aji, tun daga nan ba ta sake fashi ba. Littattafan kimiyyarta ta ba 'yar maƙwabta. Na fi son lokacin da take kuka.

Makarantar tana tura yara koyon aiki in an yi dogon hutu. An zaɓi shida, tana cikinsu. Wani babban otal ne a tsakiyar gari, ɓangaren gyaran ɗakuna. Za ta fara ranar biyar ga Yuli. Ta ce in gaya miki da kaina, ita ba za ta iya ba.

Yayarki, in har yanzu kin yarda,
Nurys

Higüey, 19 ga Yuni, 2005

Yaya Nurys,

Ki riƙa shan maganinki a kan lokaci. Mu muna nan. Inna ta fara mantuwa, jiya ta tambaye ni ko Dahiana ta taso daga makaranta.

Ban sani ba ko na yafe. Wata rana in tashi in ji na yafe, kafin mu kai otal abin ya dawo. Amma ke ce kike kusa da ita, ni ba ni da hannun da zai kai can. Maganar ta dawo gida na janye ta. Na faɗa wa Miguelina gaskiya, ta yi shiru tun daga Higüey har bakin ƙofar ma'aikata, ban taɓa ganin haka ba. Sauran har yanzu suna kirana da wancan sunan, ina amsawa.

Na zauna zan rubuta wa Dahiana, sau uku ina yagawa. Don haka ki karanta mata wannan, a hankali, kada ki tsallake komai.

Dahiana, 'yata. Ba ki yi mini laifin komai ba. Ga abin da malaminku ba zai sani ba. In za ki ɗaga katifa, ki lanƙwasa gwiwa, kada ki sunkuya da baya, ko da ana hanzarta ki. Ki ci abinci sosai kafin ki fita, don ba lallai ki samu zama ba. Kada ki haɗa ruwan bilic da maganin goge gilashi, kuma ki bar ƙofar banɗaki a buɗe kina wanki. Kada ki cusa hannu cikin kwandon shara, ki juye shi. Duk abin da kika tsinta, ko ɗan kunne ɗaya ne, ki kai ofis a gaban shaida. Ki nemi tsohuwar ma'aikaciya guda ki riƙa gaishe ta, ita za ta tsaya miki ranar da aka yi miki ƙarya.

Na ƙarshe shi ya fi duka. In kin ƙwanƙwasa kika tarar da namiji shi kaɗai a ɗaki, ya ce ki shigo ba komai, kada ki shiga. Ki ce za ki dawo. In dole ta sa kin shiga, ki tokare ƙofa da keken kayanki, ki tsaya ta inda za ki iya fita. Ko ya yi fushi, ko ya ce zai kai ƙara, ki bar shi ya kai.

Na sa miki albarka.

Yaya, ki saya mata takalmi mai taushin ƙasa kafin biyar ga wata, wanda ya ɗan fi ƙafarta, domin ƙafa tana kumbura da yamma. Da na aiko mata daga nan, amma ban san lambar da take sawa yanzu ba.

Ƙanwarki,
Yudelka